Farar Tarwaɗar Tungarmu

Akwatin kifi na farko da na haɗa da hannuna ko la'asar bai kai da ruwa a ciki ba. Na yanka gilashi, na shafa gam, na ga ya tsaya kamar abin kirki, sai zumuɗi ya ɗebe ni na cika shi tun gam bai gama kamawa ba. Muna zaune sai gefe ɗaya ya buɗe, ruwa ya malale shago, 'yan karfasa na tsalle a ƙasa. Maigidana Baba Lasisi bai zage ni ba. Ya miƙo mini tsumma, ya ce in na gama goge ƙasa in ɗauki reza in kankare gam ɗin mu sake daga farko. Ina gaya muku wannan ne, ku samarin da kuke leƙa falon mutane ku ga kifi na yawo a gilashi, ku ce ai wannan ba sana'a ba ce, zuba ruwa ne da jefa kifi. To haɗa akwatin nan da ya kunyata ni a ranar shi ne mafi sauƙi a duk aikin.

Baba Lasisi Bayarabe ne mai yankan gilashin taga a Yelwa. Ya taɓa aiki a gidajen Turawan da suka zo ginin dam, a can ya fara ganin ana ajiye kifi a ɗaki ba don miya ba. Ya san gilashi kamar yunwar cikinsa, amma ruwa bai san shi ba, duk abin da ke da jela a wurinsa sunansa kifi. Ni kuma, Arzika, ɗan masunta ne daga wata tunga a ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara. A tsibiri aka haife ni, ruwan dam ya ci tsibirin, aka kwaso mu aka zube a bakin tafki. Na san ruwa, ban san gilashi ba. Abin da ya haɗa mu ke nan.

Kada ku ɗauka da zuwana aka ba ni abin yanka. Na daɗe ba abin da nake yi sai wanke yashi. A ɗebo yashin gulbi a buhu, in zuba a daro, in wanke in tsiyaye, in sake wankewa, har sai ruwan ya fito garau. Baba Lasisi ya zo ya tsoma yatsa ya motsa, in ya ga ko ɗan gurɓata ya ce sake. Daga nan aka kai ni wanke gawayi da ake tace ruwa da shi. Sai da hannuna ya yi fari ya tsattsage kafin ya yarda na taɓa alƙalamin yankan gilashi, wani ɗan ƙarfe mai ƙwaya a baki da yake ajiyewa a aljihun gaba kamar carbi. Sau ɗaya ake jan layi da shi, in ka maimaita ka ɓata gilashi ka ɓata alƙalami. Sauran kayan aikin ba su da yawa: gam mai warin tsami da ake sayo mana daga Legas, siririn tiyo, ɗan injin hura iska mai aiki da lantarki, da 'yar koma da na ɗinka da tsohon gidan sauro. Sai famfon keke. In an ɗauke wuta a gidan mai ciniki, kai za ka durƙusa kana bugawa kamar mai faci har a kawo, ko a ara maka batirin mota.

Kasuwa ta buɗe mana ne lokacin da aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Sabuwar jiha, sababbin manya, sababbin gidaje. Wanda jiya yake kwana a ɗakin haya yau ya yi falo, kuma falo sai da abin kallo. Wani ya gani a gidan wani a Birnin Kebbi, ya dawo Yelwa ya aiko a kira mai gilashi. Masu otal suka shiga, matan ma'aikata suka shiga. Baba Lasisi ya tsufa a daidai lokacin, idonsa ya rage gani, ya koma garinsu ya bar mini shago da alƙalami. Mutanen tungarmu kuwa dariya suke yi mini, wai ɗan masunci ya koma yi wa kifi bauta.

Ainihin aikin shi ne sanin wa zai iya zama da wa. Mai ciniki launi yake kallo, ni baki nake kallo. Duk abin da zai shiga bakin wani to abincinsa ne, yau ko gobe. Karfasa tana da kyau, amma in ta tashi yin ƙwai sai ta haƙe yashi, ta tumɓuke ciyawa, ta kori kowa zuwa lungu. Ƙurungu lafiya lau yake in ka ba shi fasasshiyar tukunya ya ɓuya, sai dai wani irinsa da ciki sama yake iyo, har an taɓa aiko mini mota wai kifi ya mutu, na je na tarar yana hutawa abinsa. Talibanban, wanda ke kumbura kamar ƙwallo yana ba yara dariya, ɗan banza ne na ƙarshe: ya gutsure wa kowa jela, ya farfasa dodon koɗin da na sa don share kore daga gilashi. Ƙaguwa tana son dutsen da za ta hau ta sha iska, in ba ka ba ta ba sai ta bi tiyo ta fita, a same ta a ƙarƙashin kujera. Minjirya kuwa ita kaɗai ake ajiye ta, wutar jikinta ba ta san aboki ba. Ina da kwatarni a bayan shago, duk baƙon da na kamo sai ya zauna shi kaɗai na ga lafiyarsa, sa'an nan in haɗa shi da wanda nake so su zauna tare, in zuba musu ido suna ƙoshe, in kuma zuba musu ido suna jin yunwa. Da yunwa ake gane halin dabba.

Bayan duk wannan wahala sai ka kai kaya gidan mutane su kashe maka su da alheri. Mu mutanen nan ba mu iya ganin baƙo ba mu ba shi abinci ba. Na tarar da tuwon shinkafa a cikin akwati, na tarar da ƙosai, har fura na taɓa tararwa. Wata Hajiya mai tsafta ta kwashe kifin a bokiti ta wanke akwatin tas da garin sabulu, ta cika shi da ruwan famfo mai magani, kafin azahar kowa ya juya ciki. Da na zo ta ce kifina ne ba su da ƙwari. A wannan sana'a in kifi ya rayu maigida ne mai sa'a, in ya mutu mai gilashi ne bai iya ba.

Aikin da ya fi kowanne girma, kuma shi ya gama da ni, shi ne na Alhaji Bawa mai jirage. Babban ɗan kasuwar kifi ne a Yelwa, jiragensa na inji su ke bin tungayen bakin tafki suna kwaso bandar kifi da mutane zuwa kasuwa. Ya ce yana son akwatin da ba a taɓa gani ba, tsawonsa ya kai na gado. Sai da na sa maƙeri ya yi masa ƙafafun ƙarfe, na nemo gilashi mai kauri daga Kontagora. Na jera duwatsu, na shuka ciyawar ruwa, na zuba 'yan kawara masu sheƙi da ƙurungu da dodon koɗi, duk waɗanda na gwada na san halinsu. Ranar da aka kunna fitilar cikinsa har ni kaina na tsaya kallo. Alhaji ya sa ni in riƙa zuwa kullum ina dubawa.

Abin da ban hango ba shi ne gaisuwa. Masunta ba su zuwa gidan babba hannu rabbana. Da, banda suke kawowa, ko babban giwan ruwa a kai kicin. Da labari ya bazu cewa Alhaji na ajiye 'yan ruwa da rai a falo, sai kowace tunga ta ga ta sami hanyar da za a riƙa tunawa da ita. Banda a cinye ta a manta, amma abin da ke cikin gilashi kullum yana gaban idon Alhaji. Waɗannan su zo da talibanban a ƙwarya, waɗancan da ƙaguwa, wasu daga wajen Shanga da wata 'yar minjirya. Kyauta kuma ba a mayar da ita, ba a kuma ajiye ta a bayan gida. A gaban masu ita Alhaji zai sa a juye ta cikin akwatin, a yi addu'a, kowa ya shafa. In sun dawo gaisuwa kuwa, kafin su zauna sai sun je gilashi sun nemi nasu.

Na yi magana tun farko, Alhaji ya ce ai aikina ke nan, in san yadda zan yi. Yadda na yi shi ne na koma mai neman kama. In an cinye na wata tunga, in shiga kwalekwale in je in kamo mai kama da shi, girma ɗaya, zane ɗaya, in saka kafin masu shi su zo. Minjirya dai na lallaɓa na ce wa Alhaji za ta iya yi wa jikokinsa lahani, shi ya sa ya yarda aka ba ta tulu a zaure, masu ita kuma suka ji daɗi an ce tasu ta fi ƙarfin gilashi. Sauran kuwa haka na riƙa musanyawa. Wani dattijo ya taɓa tsayawa yana yaba yadda talibanban ɗinsu ya saba da shi har yana gane shi, alhali wanda ya kawo ya daɗe da mutuwa. Masunta ne fa, da a gulbi ne ba wanda zai ruɗe su, amma a falon Alhaji kowa abin da ya zo gani yake gani.

Cikin masu kawo kyauta har da maƙwabtanmu, mutanen tungar sama. Wani loko ne na ruwa ya raba mu da su, kuma tun zamanin tashinmu daga tsibiri muke 'yar tsama a kan wurin kafa taru. Su kififiya suka kawo, kunkurun ruwan nan mai laushin baya da dogon wuya. Lokacin ba ta wuce murfin kwalba ba, kowa ya gan ta sai ya ce kai. Ni na san abin da za ta zama. Kififiya ba ta bin kifi da gudu. Binne kanta take yi a yashi, hanci kawai a waje, ta jira. In wani ya gifta ta miƙo wuyan nan ta gutsura. Ta ci ta girma, ta kai faifai, ta ɓata ruwa, ni kuma ina ta jigilar maye gurbin waɗanda ta ci.

Sai muguwar shekara ta zo. Wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure ta biyo gulbi daga arewa, ta shimfiɗu a kan ruwa kamar tabarma. Tun ana ture ta da gora har ta fi ƙarfin gora. Ta rufe lokuna, ta cinye taru, ta naɗe farfelar inji. Wuraren da nake kamo 'yan kifi a bakin ruwa duk suka toshe, ruwan ƙarƙashinta ya yi wari, in ka samu ka kamo ma rabi ba su kai shago. Na fara ce wa masu ciniki su yi haƙuri, abin da ban taɓa yi ba. Amma tawa wahalar ƙarama ce. A tungarmu jirgi ya daina iya matsowa tasha. Matanmu banda suke yi, har da innata, kuma banda in ba ta kai kasuwa ba ƙwari ne ke cin ta. Alhaji ya ce zai sa yaransa da jiragensa su yanke hanya guda cikin kainuwar, su riƙa share ta, amma guda ɗaya tak, ko zuwa tasharmu ko zuwa ta tungar sama. Wanda bai samu ba sai dai ya ɗauki kayansa a ka ya zagaye lokon a ƙasa, cikin taɓo, zuwa tashar ɗan'uwansa.

Kawuna Kakale, wan innata, shi ne sarkin ruwan tungarmu. Ya tara dattawa suka yi shawara, suka ɗauko abin da ya fi komai daraja a wurinsu. Wata tarwaɗa ce fara fat, mai jan ido, da aka kama tana ƙarama a gorar kamun kifi. Tsofaffinmu sun ce ba su taɓa ganin irinta ba, ba wanda ya yarda a ci ta. A cikin wani tsohon kwalekwale da aka cika da ruwa a gindin bishiya ake ajiye ta, mata na jefa mata hanjin kifi, mutane na zuwa daga wasu tungaye don kallo. Ita suka sako a garwa suka kawo Yelwa.

Ina tsaye bakin akwatin da tiyo a hannu Kawu ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ga 'yar tsarabar tungarmu. Tun da munka tashi ba mu ga irinta ba. Ɗanmu na nan gidanka, shi ka kula da ita."

Alhaji ya yi murna ƙwarai, ya ce in juye ta. Na juye. Duk abin da ke cikin gilashin nan ina da inda zan samo kamarsa, ban da wannan. Ga ta fara, ana hango ta daga ƙofa, ga idonta ba ya gani sosai, da gashin baki take lalube. Kuma tarwaɗa a ƙasa take kwanciya, daidai inda kififiya ke binne.

Da baƙi suka tafi na roƙi Alhaji ya bar ni in yi mata akwatinta daban. Ya ce a'a, in aka ware ta mutanen tungar sama za su ce an fifita mu tun kafin a yanke magana. Na ce to a fitar da kififiya. Ya ce wannan ya fi muni. Na ce to in sa gilashi ɗaya a tsakiya, siriri, ba mai lura sai ya matso.

Ya ce, "Arzika, kai kifi kaka gani, ni mutane nika gani. In na sa shamaki tsakaninsu, gobe duk Yawuri an ji Alhaji Bawa ya raba tunga biyu cikin ɗakinai. A bar su su zauna tare, su ma masu su su koya."

Na yi duk dabarar da na sani. Na fasa tulu na yi wa tarwaɗar ɗaki mai ƙaramar ƙofa. Na rage yashi a gefenta don kada kififiya ta sami wurin binnewa, na tara shi a ɗaya gefen. Na riƙa ɗura wa kififiya katantanwa da 'yan kifi safe da yamma har ta ƙoshi ta ƙi ci. Abin ya riƙe na ɗan lokaci. Amma kififiya ko ta ƙoshi takan yi cizo, hali ne. Wata safiya na tarar gashin bakin tarwaɗar guda ya tafi. Bayan 'yan kwanaki jela ta yage. Sai ranar da na zo na same ta a kwance a gefe, an gutsure mata tsoka a gindin ciki, wurin ya yi ja, har wani farin gansakuka ya fara fitowa a bakin ciwon. Duk wanda ya yi aikin nan ya san in ta ƙara yini a wurin shi ke nan, don da zarar jini ya fita hatta 'yan kawara sai sun zo tsattsaga.

Lokacin Alhaji ya yi tafiya Birnin Kebbi. Na gaya wa maigadi zan kai ta shago in yi mata magani, na sa ta a garwa na tafi. Na ba ta kwatarniya mai tsabta a inuwa, na sa gishiri kaɗan a ruwan, ina canzawa safe da yamma. Ta ƙi cin komai, sai daga baya ta fara karɓar tana. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba, don aikin da na iya ke nan kuma ga shi yana ci.

Ciwon bai rufe ba Alhaji ya dawo, kuma ashe ya aika wa tunga biyun su zo a yanke maganar hanya. Da hantsi direbansa ya zo shago ya ce maza in kawo kifin, baƙi na falo. Na leƙa kwatarniya, na ga naman nan ja a buɗe. Na bi direban hannu wofi. Alhaji ya fito zaure ya same ni, na durƙusa na ce, ranka shi daɗe, in na mayar da ita yau ba za ta kai gobe ba, a ba ni ɗan lokaci ta warke, ko a ɗauke kififiyar ko na yau kaɗai. Ya tambaye ni sau ɗaya ko zan kawo ta. Na ce in dai don ta rayu ake so, ba yau ba. Bai yi faɗa ba, ya juya ya shiga, na bi shi na tsaya daga ƙofa.

Dattawanmu na tsaye gaban gilashi suna ta dube-dube, Kawu har ya sunkuya yana leƙa cikin fasasshen tulun. Mutanen tungar sama na zaune, tasu kuwa ga ta ta fito fili tana miƙa wuya. Alhaji ya zauna ya gyara riga, ya ce cikin sanyin murya, "Ku yi haƙuri, abinku ba ya nan. Ɗanku ya zo ya ɗauke. Wai gidana bai yi mata ba."

Ba wanda ya dube ni. Na buɗe baki zan yi bayanin ciwo da gishiri, Kawu ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba. A wurinmu ka ba mutum kyauta ka dawo ka ɗauke, gara ka zage shi a kasuwa. Kuma ba wanda zai yarda ɗan tunga ya yi haka da kansa ba da sanin manyansa ba. Kawu ya ba da haƙuri, ya sake ba da haƙuri, Alhaji ya ce ba komai, ai ya wuce. Aka ci abinci, aka yi addu'a. Da aka zo maganar hanya sai ya ce masu jirginsa sun duba, ruwan tashar tungar sama ya fi zurfi. Duk wanda ke falon ya san tamu ta fi zurfi.

Washegari maigadi ya ce an ce in huta, an sami wani. Labari kuma ya zaga Yelwa cewa mai gilashi yana kwashe kifi daga gidajen mutane. Ba wanda ya ce sata, amma ba wanda ya ƙara barina ni kaɗai a falonsa. Ga kainuwa ta hana kamu, ga suna ya ɓaci, sai na koma yankan gilashin taga da na fitilar mota, na daɗe kafin wani ya sake kira na aikin akwati. Har yau abin na ci mini rai, don ko yanzu ka kawo mini kifi da rami a ciki ka ce in jefa wa kififiya, ba zan jefa ba.

Tarwaɗar ta warke sarai. Ciwon ya rufe ya bar tabo, gashin bakin ya sake tsirowa, har ta yi ƙiba. Na ce bari in kai ta gida su gani da idonsu, in sun gan ta da rai za su gane. Na shiga jirgin Alhaji kamar kowane fasinja da garwa a tsakanin ƙafafuna. Jirgin ya bi hanyar da aka yanke cikin kainuwa ya sauke mu a tungar sama. Daga nan na ɗora garwar a ka na kama hanyar ƙasa, taɓo har ƙwauri, ruwa na fantsalo mini a wuya. A hanya na riƙa gamuwa da matan tungarmu suna tahowa da kwandunan banda a ka, zane a ɗaure sama da gwiwa. Na gaishe su, wasu suka amsa.

Na sami Kawu a gindin bishiya yana gyaran taru, kusa da tsohon kwalekwalen da yanzu ba komai a ciki sai ruwan sama. Na sauke garwar a gabansa na buɗe, na ce ga ta nan lafiya lau, da na bar ta da ta mutu a ranar. Bai leƙa ba. Ya ci gaba da ɗinkinsa har sai da ya kai ƙarshen layi.

Sa'an nan ya ce, "Mu mun ba da ita don a gan ta, Arzika, ba don ta daɗe ba. Da ta mutu cikin gilashinai, shi ka jin kunyarmu, kuma da kunyar nan za shi ba mu hanya. Yanzu mu ka jin kunyatai."

Na ce to a mayar da ita kwalekwalenta. Ya ce ba tasu ba ce, sun riga sun bayar, in kai ta inda na ga dama.

Na ɗauki garwar na shiga gidanmu. Inna na tsakar gida ta gama ɗaure kwandon banda, ta naɗa gammo, tana jiran wanda zai taimaka mata. Ta tsufa a lokacin, gwiwarta ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai. Duk tungar ita kaɗai ta matso ta leƙa cikin garwar. Ta daɗe tana kallo, tarwaɗar na juyawa a hankali.

Ta ce, "Ta warke kuwa. Hannunka na da kyau." Sai ta miƙe ta dafa ƙugu. "To aje ta nan, zo ka aza min kayan ga. Jirgi ba shi jira, kuma hanyar da nisa."

Na ce ta bari in ɗaukar mata. Ta ce a'a, in mutanen tungar sama suka gan ni da kayanta, ba ta san abin da za a ce a tasha ba, kuma tana son a saya. Na kama kwandon na ɗora mata a ka, ya fi yadda na zata nauyi. Ta gyara shi da hannu ɗaya, ta tattare zane, ta fita tana ɗingishi ta bi sauran mata cikin taɓo.